Ta yaya ake gane ɗan dakon da zai jure aiki tun kafin a ɗauke shi?

Dan_Magaza:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya, don Allah masu sani su taimaka. Ni ke kula da wata magaza ta hatsi da wake a nan Maradi. Maigidana ya ce in ƙaro ƴan dako huɗu na dindindin kafin kaka ta kankama, don idan wake ya fara shigowa daga Dakoro da Mayahi ba ma samun na haya a kan lokaci. Gwajin da muka gada shi ne a aza wa mutum buhu mai tiya arba'in, ya kai shi ƙuryar magaza ya dawo da shi. In bai yi tangaɗi ba, an ɗauke shi. Bara da wannan gwajin na ɗauki wani yaro, ƙato, ƙirji kamar ƙofar zaure, har burga ya yi mana ya je ya dawo sau uku. Sati uku ya yi ƙugu ya riƙe, har yau a zaune yake sallah. Alhali akwai wani dattijo siriri da muke tare shekara tara, ban taɓa jin ya ce wash ba. To me ake dubawa ne? Ba na so in sake ɗaukar alhakin ɗan mutane.

Abba_Kabukabu:
Wa'alaikumus salam. Ka duba wuya da ƙwauri kawai. Mai kaurin wuya ba ya ba da kunya.

Maman_Tagwaye:
Abba, ai mai kaurin wuyan ne ke kwance yanzu. Ko ba ka karanta har ƙarshe ba?

Injiniya_Bagalam:
Malam Dan_Magaza, gwajin naku minti biyu yake aunawa, aikin kuwa wuni ne. Ɗauko alƙalami mu yi lissafi. Tirela mai tan 30, in buhu mai kilo 100 ne, buhu 300 ke nan. A ce mutum shida ke sauke ta, biyu suna kan mota suna azawa, huɗu suna ɗauka. Kowane cikin huɗun nan buhu 75 ne rabonsa, tan bakwai da rabi a wuyan mutum ɗaya. Mota biyu a rana, tan 15. Wanda ya kai buhu uku ya dawo yana dariya bai gaya maka komai ba a kan yadda zai kasance a buhu na saba'in.

Da ni ne kai, kafin in kira kowa gwaji sai in yi kwana uku a bakin magaza da littafi ina rubutawa. Nauyin buhu a sikeli, ba a baki ba, don wanda aka yi wa toliya yakan wuce ɗari. Taku nawa ne daga mota zuwa tari. Tarin buhu nawa ne a tsaye, kuma ana hawa katako ko a'a. Ƙarfe nawa motoci suka fi zuwa. Wa ke hutawa, yaushe. In ka san aikin da kyau, sannan za ka san irin mutumin da kake nema.

A Amurka akwai wata hukumar binciken lafiyar ma'aikata, NIOSH, da ta fitar da lissafin ɗaga kaya a 1981, ta sabunta shi a 1991. Daga kilo 23 ta fara. Wannan shi ne abin da ta ce yawancin ma'aikata masu lafiya za su iya ɗagawa da hannu biyu ba tare da baya ya cutu ba, shi ma sai in komai ya daidaita: kayan na kusa da jiki, a tsayin kamar santimita 75 daga ƙasa, ba murɗa ƙugu, ba maimaitawa a kai a kai. Daga nan raguwa kawai yake yi. In kayan ya yi nisan rabin mita da kai, 23 ta koma 11 da rabi. In daga ƙasa ka ɗauko, wajen 18. Ka juya gefe da kayan a hannu, ta sake zubewa.

Abba_Kabukabu:
Kilo 23?? Injiniya, bidon da ƙanwata ke ɗaukowa daga famfo lita 25 ne, kuma aji shida take. In aka bi wannan lissafi ai sai a rufe kasuwar Maradi gaba ɗaya.

Tsohon_Dandako:
Salamu alaikum. Ɗana ne ya nuna mini wagga magana, ni ke faɗi shina rubutawa. Shekara ashirin da shida na yi ina dako, tun ana lodin gyaɗa har munka koma siminti da shinkahwa.

Injiniya, Allah shi ƙara sani, amma lissahinka ya tsallake mutum biyu. Ka ƙirga masu ɗauka, ka bar masu azawa. Mai ɗauka, in anka aza mishi daidai, buhu na zaune bisa kai da kahwaɗa, bayanshi a miƙe, tahiya kawai shika yi. Wanda ke bisa mota shi ka duƙawa shi kama kunnen buhu, shi ciro shi, shi juya, shi aza. Buhu ɗari uku, duƙawa ɗari uku, ba mai canjinshi. Duk waɗanda na sani ƙugu ya kashe ma aiki, mafi yawa daga bisan mota sunka samo shi. Kuma kullum wa aka cewa hau mota? Ƙaton. Don an ga shina da ƙarhi.

Dan_Magaza, yaro, ka tambaya ka ji: wanga yaro naka ina anka sa shi?

Dan_Magaza:
Baba, wallahi ban riƙe ba. Shugaban ƴan dakon ne ke raba su. Zan tambaya.

Injiniya_Bagalam:
Baba ya yi gaskiya, na karɓi gyara. Mutum biyu a buhu ɗaya, kilo 50 ke nan kowa, daga ƙasa, da juyi, sau 300. In ka saka wannan a lissafin da na kawo, shi ne mafi muni a duk aikin. Kuma Abba, ba wai na ce mu kwafo kilo 23 ba ne. Lissafin ma an yi shi ne don ɗagawa da hannu a gaban jiki, a wuri mai sanyi-sanyi, bai shafi ɗauka a ka ba, balle zafin Afrilu na nan. Abin da za mu ɗauka a ciki shi ne nauyi ɗaya ne daga cikin abubuwa shida ko bakwai da ke karya mutum.

Infirmiya_Zariya:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in faɗi abin da gwajin likita zai iya da wanda ba zai iya ba, don na ga masu gidaje da yawa suna ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Abin da yake da amfani kafin ɗaukar mai aikin ƙarfi: a auna tansiyo, a saurari zuciya da ƙirji, a duba ko akwai kaba, a tambayi sikila, asma, farfaɗiya, da ko ya taɓa samun ciwon baya mai sauka har ƙafa. Mai kaba ko ƙarama ce, buhu mai kilo ɗari zai buɗe ta. Mai farfaɗiya ba a hana shi aiki, amma ba a sa shi hawa katako da kaya a ka. Mai sikila kuwa, zafi da ƙishirwa da wahala su ne ke tayar masa da ciwo.

Abin da ba shi da amfani shi ne a tura lafiyayyen mutum ya yi radiyon baya, wato hoton ƙashi, wai don a ga ko zai yi ciwo nan gaba. Hoton ba ya nuna haka. Mutane da yawa za ka ga ƙashin bayansu ya ɗan ci a hoto kuma garau suke, wani hotonsa fes amma ba ya iya tashi. Kuɗin radiyon gara ka sayi baro da su.

Kuma ciwon baya ba namu ba ne mu kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma shi ne kan gaba wajen nakasa mutane a duniya.

Sani_Aparanti:
Madan, kin bar babba. Tramol. Ni karen mota ne, ina ganin abin da ake yi a wajen lodi. Ranar gwaji mutum zai sha biyu a shayi, ya ɗauki buhu kamar matashin kai. Kai mai gwaji ka ce ka samu doki.

Infirmiya_Zariya:
Haka ne Sani, na gode. Kuma illarsa ita ce yana toshe ciwo. Ciwon nan shi ne ke gaya wa mutum ya ajiye. In an toshe shi, sai nama ya yage mutum bai sani ba sai washegari. Ga shi in an yawaita yana kawo jijjiga kamar ta farfaɗiya. Ka yi tunanin wannan a saman tari.

Alhaji_Wake:
Ni ɗan kasuwa ne, kuma zan faɗi abin da ba a so. Duk wannan magana mai daɗi ce a waya. Ɗan dako da buhu ake biyansa. Ka ce masa ya huta, ya ce ka rage masa abinci. Na taɓa cewa yarana su tsaya daga azahar zuwa la'asar lokacin bazara, su da kansu suka zo suka ce in bar su, wata magazar na kwashe motoci.

Tsohon_Sandika:
Alhaji, ranka ya daɗe, ai ka faɗi tushen ciwon da bakinka. In dala goma ce buhu, mutum zai yi gudu da kilo ɗari don ya tara jika biyu ko uku kafin magariba. Gudun tsarin biyan ne ya sa shi, ba halinsa ba ne.

Bari in kawo abin da ke rubuce. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da ke Jeniba ta yi yarjejeniya mai lamba 127 a 1967 a kan iyakar nauyin da mutum ɗaya zai ɗauka. Shawarar da ta biyo ta, mai lamba 128, ta ce inda ake barin namiji baligi ya ɗauki fiye da kilo 55, a gaggauta rage shi zuwa 55, na mata da matasa kuma ya yi ƙasa da haka sosai. Dokar aiki ta Faransa ma 55 ɗin ta riƙe: ba a wuce shi a kai a kai sai likitan ma'aikata ya tabbatar mutum zai iya, kuma ko da haka ba a haura 105. Mata 25. Buhunmu na gero kusan ninki biyu ne na abin da aka yi shawara shekara hamsin da wani abu da suka wuce.

A nan gida muna da kundin dokar aiki na 2012, mai lamba 2012-45, ya ɗora wa mai ɗaukar aiki kula da lafiya da tsaron ma'aikacinsa. Kuma in ma'aikaci na dindindin ne, a yi masa rajista a CNSS, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, don in ya ji rauni a bakin aiki akwai inda za a nufa. Dan_Magaza, ka ce na dindindin za ku ɗauka. Ka gaya wa maigidanka wannan tun yanzu.

Alhaji_Wake:
Malam, ka nuna mini magaza ɗaya daga Sabon Gari har bakin babbar kasuwa da ɗan dakonta ke da katin CNSS, in ba ka buhun wake kyauta.

Tsohon_Sandika:
Rashin bin doka bai goge ta ba, Alhaji. Ajiye mini buhun dai, amma mai kilo 50.

Maman_Tagwaye:
To ni tambayata ke nan. Me ya hana a koma buhu mai hamsin? Shinkafa da sukari ai haka suke zuwa.

Alhaji_Wake:
Hajiya, mai saye daga Jibiya ko Katsina da buhu babba yake ciniki, direba da shi yake ƙirga lodi, farashin da ake faɗi a rediyo ma na buhu mai kilo ɗari ne. Ga kuɗin buhun kansa da ɗinki sun ninka. Sannan je ki wajen sauke siminti ki gani. Hamsin-hamsin ne, amma bibbiyu suke ɗauka, har da masu uku don a yi musu kirari.

Maso_Ali_Dan_Sofo:
Wannan gaskiya ne. A Ingila buhun siminti kilo 25 ne, an rage shi saboda bayan magina. Mu nan in ka kawo shi huɗu za a ɗora.

Amma ni abin da ke ci mini leburori ba nauyi ba ne kaɗai, rana ce. Ranar zubin dal, mutum yana hawa da kwanon kankare a ka tun safe, zafi ya haura 40. Sabon zuwa daga ƙauye, ko wanda ya yi wata yana kwance da masassara, shi ke fara faɗuwa, ko da ya fi kowa jiki. Yanzu sabo ba na sa shi layin hawa a satin farko. Yashi da ruwa yake kawowa a ƙasa.

Infirmiya_Zariya:
Maso, abin da kake yi shi ne daidai a likitance. Jiki na bukatar kamar sati ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da aiki cikin zafi, ya koyi yin zufa da wuri ba tare da zubar da gishiri da yawa ba. Shi ya sa gwajin rana ɗaya ke yaudara ta fuska biyu: ya kayar da wanda da an ba shi sati zai zama gwani, ya tsallakar da wanda ya yi ta maza na awa ɗaya. Ruwa kuma kofi ɗaya duk minti goma sha biyar zuwa ashirin, ba a jira ƙishirwa. In fitsari ya koma kalar shayi, an makara. A Nikaraguwa da Salbado masu yankan rake da yawa sun kamu da ciwon ƙoda tun da ƙuruciyarsu, kuma masu bincike suna danganta shi da aiki cikin zafi da ƙarancin ruwa shekara da shekaru. Ƙoda ba ta kuka da wuri.

Sani_Aparanti:
Da azumi fa? Akwai shekarun da a tsakiyar zafi yake zuwa.

Alhaji_Wake:
Da azumi dare muke lodi, bayan asham har sahur. Wannan kam ba sai an kawo mana doka daga Jeniba ba.

Yar_Soura_Bildi:
Ku yi haƙuri zan ɗan karkata, amma maganar ɗaya ce ta wata fuskar. Ku kuna maganar wanda aka ɗauka aikin ya fi ƙarfinsa, ni an hana ni aikin da bai fi ƙarfina ba. Wata masana'antar ruwan leda ce ta nemi ma'aikata, na je. Mutumin ko zama bai ce in yi ba, ya ce aikin ƙarfi ne, maza suke so. Daga baya ɗan maƙwabtanmu ya samu, na tambaye shi me yake yi. A zaune yake yana ƙirga leda ashirin yana zubawa a jaka, ya ɗaura, ya tura gefe. Leda rabin lita ce, jaka kilo 10 ke nan. Ni da nake daka tiya biyu ta gero kafin rana ta fito, in ɗauko bido a ka daga layi na uku. Da ya ce ga jaka, ɗaga hamsin mu gani, in na kasa in tafi ba haushi. Amma da ido ya auna ni.

Maman_Tagwaye:
Allah ya ba ki wanda ya fi shi, ƴar'uwa. Da idon nan dai aka ɗauki ƙaton Dan_Magaza.

Injiniya_Bagalam:
Ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ta daɗe da raba ayyuka gida biyar ta fuskar ƙarfi. Na zaune, wanda abin ɗagawa ba ya wuce kamar kilo 4 da rabi. Mai sauƙi, har kilo 9. Matsakaici, har 23. Mai nauyi, har 45. Abin da ya haura nan shi ne mai nauyi ƙwarai. Amfanin rabon shi ne a rubuta wa kowane gurbi matsayinsa tun kafin mai nema ya zo, sai a gwada kowa da abu ɗaya, mace ko namiji. Aikin da Yar_Soura_Bildi ta nema da ƙyar ya leƙa gida na uku. Na Dan_Magaza kuwa ya fasa rufin gida na biyar ya wuce.

Hajiya_Mai_Kulikuli:
Ni mata goma sha ɗaya ke mini aiki, man gyaɗa da ƙuli. Ba mai ɗaga abin da ya kai buhu a cikinsu, amma ku zo ku ga hannuwansu. Matsar tunkuza awa huɗu, wuyan hannu da kafaɗa ke gaya musu. Mai suya kuma hayaƙi da zafin wuta, idonta kullum ja. Da na fara, wadda na ga ta iya matsa sai in bar ta a kai kullum, har wata ta kai ba ta iya riƙe moɗa da safe. Yanzu juyawa suke: yau matsa, gobe gyaran gyaɗa a zaune, jibi murza ƙuli. Mai ciki ba ta zuwa bakin wuta. Sabuwa kuma kwana uku nake ba ta ina biyanta, ta zaga kowane wuri, ni in gani ita ma ta gani. Wasu da kansu suke cewa Hajiya, wannan ba nawa ba ne.

Dalibi_UDDM:
Game da ɗauka a ka, akwai wani bincike da aka yi a Kenya aka buga a 1986. An gano matan Luo da Kikuyu suna ɗaukar kaya har kashi 20 cikin ɗari na nauyin jikinsu a ka ba tare da sun ƙone ƙarin kuzari ba. Ke nan hanyar iyayenmu ta fi ta Turawa.

Infirmiya_Zariya:
Ɗalibi, kashi 20 na mace mai kilo 60 kilo 12 ne. Ɗan dako mai kilo 65 da buhu mai kilo ɗari a ka ya ɗauki kansa ɗaya da rabi. Sannan binciken numfashi da kuzari ya auna, bai ce ƙashin wuya na jin daɗi ba.

Abba_Kabukabu:
To a saya musu bel ɗin nan mai faɗi na ɗaure ƙugu mana, ina ganinsa a kasuwa.

Tsohon_Dandako:
Mu da rawani muka ɗaurewa. Shina sa ka ji ƙarhi, amma ban ga ya hana kowa ciwo ba.

Injiniya_Bagalam:
Hukumar NIOSH da na ambata ta duba maganar bel ɗin a 1994, ta ce ba ta ga hujjar cewa yana kare lafiyayyen ma'aikaci daga rauni ba. Tsoron ma shi ne mutum ya ɗaura ya ga kamar an ba shi lasisin ƙara kaya.

Sani_Aparanti:
Ku bari jirgin ƙasan Kano ya iso Maradi. In manyan kaya suka fara zuwa da injin ɗagawa, duk wannan gardama ta ƙare, dakon ma ba za a samu ba.

Maso_Ali_Dan_Sofo:
Injin zai shiga lungun magazarku ne? Ko a Kwatano da ke da tashar jirgin ruwa ai mutane ke sauke buhu a cikin gari.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Jama'a, a dawo kan tambaya. Maganar jirgi a buɗe mata nata wurin. Dan_Magaza, kwana huɗu ke nan shiru, ko an samu abin da aka auna?

Dan_Magaza:
Afuwan, ina bakin aikin da Injiniya ya ba ni ne. Ga abin da na samu.

Na ɗora buhu goma a sikeli. Mafi sauƙi 98, mafi nauyi 109. Daga inda mota ke tsayawa zuwa tarin ƙurya taku 42 ne. Tarinmu buhu 14 ne a tsaye, daga na takwas sai an hau katako, kuma katakon faɗinsa bai fi tafin ƙafa biyu ba, yana lanƙwasa a tsakiya. A bakin ƙofa akwai wani dakali da siminti ya fashe, kowa sai ya ɗan karkace kafin ya wuce. Shekara shida ina tsallake shi kullum, ban taɓa ganinsa ba sai da na zauna ina kallon ƙafafun mutane. Motoci kuma yawanci tsakanin sha biyu da uku suke isowa. Randar ruwa tana can bayan magaza, sai mutum ya bar layi ya zagaya, don haka ba mai zuwa.

Dattijon nan na sa masa ido. Ba ya gudu ko kaɗan, takunsa ɗaya daga buhun farko har na ƙarshe. In an aza masa ba daidai ba, tsayawa yake ya ce a gyara, ko ana masa tsiya. Ba ya juya ƙugu, da ƙafa yake juyawa gaba ɗayansa. Yana da gorar ruwansa a gindin ƙofa. Kuma a ƙirga na kwana ukun, buhu tara kawai matasan suka fi shi.

Baba Tsohon_Dandako, na tambaya. A kan mota aka sa yaron, tun ranar farko har ranar da ya kwanta. Shugabansu ya ce ai shi ne mai ƙarfin. Jikina ya yi sanyi.

Tsohon_Dandako:
Na sani, yaro. Ba laihinka ba ne kai ɗaya, haka munka taras ana yi. Ka sa a riƙa canjin masu azawa duk buhu hamsin. Sabo kuma kada shi hau mota sai ya yi wata. In za ka gwada mutum, ka haɗa shi da wanga dattijo wuni guda, da marece ka tambayi dattijon. Abin da ya gaya maka ya hi sikeli.

Tsohon_Sandika:
Wunin gwajin a biya shi. Kuma kada a fara da buhu mai kilo ɗari, gwaji ma yana karya mutum. Sannan yaron da ke kwance fa? Wa ke sayen maganinsa?

Dan_Magaza:
Maigida ya ba da jika goma sau ɗaya a farko. Sauran ni ke ɗan taɓawa in na samu. Na kai masa maganar jiya da littafin a hannu. Ya yarda a gyara dakali, a sayo katako mai faɗi, a dawo da randa bakin ƙofa, a kai sababbin gwajin tansiyo da kaba. Rage tsayin tari ya ce a'a, hayar magaza ba ta ragu ba. Maganar CNSS ya ce sai ya yi shawara.

Alhaji_Wake:
A tari ina bayansa. Ka sauke shi zuwa goma, kusan kashi ɗaya cikin uku na wurinka ya tafi. Wa zai biya?

Infirmiya_Zariya:
Alhaji, wanda ke sallah a zaune ya riga ya fara biya. Dan_Magaza, ka tambayi yaron ko ciwon na sauka ƙafa, ko ƙafar na mutuwa, ko fitsari na kufce masa. In akwai na ƙarshen nan, kada a kwana, a kai shi babban asibiti. In babu, kwanciyar ma ba ta taimakonsa, ya riƙa tafiya kaɗan-kaɗan, kuma a samo masa abin yi mara nauyi.

Yar_Soura_Bildi:
Ba ku da mai ɗinkin bakin buhu ko mai rubuta lodi? Ku ba shi mana. In ya ƙi, ni ina so.

Dan_Magaza:
Rubutun lodi ni ke yi, ƴar'uwa, kada ki raba ni da tuwona. Ɗinki dai akwai gurbi, amma a tsugune ake yinsa, ban san ko ƙugun zai yarda ba. Madan, in an ɗora buhun a kan benci yana ɗinki a tsaye, zai yiwu?

Infirmiya_Zariya:
Zai yiwu in bencin ya kai masa cibiya, kuma wani ne ke ɗora buhun ya sauke. Ya fara da rabin wuni.

Abba_Kabukabu:
To wa zai ɗora buhun a bencin? Kun ga an koma wajen mai kaurin wuya.

Maso_Ali_Dan_Sofo:
Mutum biyu, Abba, da ɗan gangare na katako. Dan_Magaza, in za ka sayi katakon hawa ka kira ni in duba maka, akwai wanda ake sayarwa da fenti a kan tsaga.